Dabaran, tauraro mai ruwan goro da ke bin Kaza da 'Ya'yanta

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, wanda duk ya ɗaga kai bayan sallar isha'i zai ga wani tauraro mai launin ruwan goro yana biye da tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma su ce Surayya. Shi ne Dabaran, wanda littattafan ilimin taurari ke rubutawa Aldebaran. A lissafin masaukan wata guda 28 da malamai da manoma suka gada, shi ne na huɗu, bayan Sharaɗaini da Buɗaini da Surayya. A jerin taurarin da suka fi haske da dare kuwa, shi ne na 14.

Abu biyu ido yake iya ɗauka daga gare shi ba tare da wata na'ura ba, launi da ƙarfin haske. Idan aka haɗa waɗannan biyun da nisansa, kusan duk sauran bayanansa suna fitowa da lissafin da ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Matsalar ita ce iskar da ke tsakaninmu da shi tana taɓa launin, tana kuma rage hasken, don haka sai mutum ya san lokacin da zai duba da yadda zai duba.

Yadda ake gano shi

A fara da taurari uku da suka jeru reras a tsakiyar burujin Jauza'u (wanda littattafai ke kira Orion), don ba wanda yake ɓatan su. Layin da suka yi yana nuna wuri biyu. Ta ɓangaren kudu maso gabas yana kaiwa ga Shi'ira, fari fat, wanda ya fi kowane tauraro haske. Ta ɗaya ɓangaren, wajen arewa maso yamma, yana kaiwa kusa da Dabaran, a tazarar kimanin digiri 22. Idan ka miƙe hannu sosai ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen yana rufe kusan digiri 10 na sama, saboda haka dunƙule biyu da ɗan ɗoriya ke nan. Ka ci gaba a kan layin da wajen digiri 14, sai ka faɗa cikin Kaza da 'Ya'yanta. In ka ga ruwan goro a tsakanin taurari ukun nan da Kaza, ka same shi.

Akwai shaida ta biyu. Dabaran yana zaune a ƙarshen ɗaya daga ƙafafun wata sura mai kama da harafin V, wadda ƙananan taurari suka zana. Wannan tarin sunansa Hayadis, kuma faɗinsa ya haura digiri 5. Dabaran ba ɗan cikinsu ba ne. Su suna nisan kimanin shekarar haske 150 (shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi a shekara guda), shi kuwa bai kai rabin haka ba, layi ɗaya kawai suka faɗo a idonmu. Kaza da 'Ya'yanta ta fi su duka nisa, wajen shekarar haske 440.

Mazauninsa a sama digiri 16 da rabi ne arewa da layin da ya raba sama biyu, kuma wannan ya yi wa ƙasashenmu daɗi. A Kano, wadda take digiri 12 arewa, idan ya kai ƙololuwa yana tsayawa a digiri 85 da rabi, wato kusan tsakar ka, ya ɗan karkata arewa. A Yamai da Damagaram digiri 87 ne. A Agadas da Khartum bambancinsa da tsakar ka bai wuce digiri ɗaya ba. A Kumasi ya ɗan sauko, wajen digiri 80. Mai kallo daga Landan ba ya samun sa sama da digiri 55. Yana fitowa daga gabas, ya gusa arewa da kimanin digiri 17, ya yi awa 12 da rabi a sama, ya faɗi a yamma da irin wannan gusawar.

Lokacinsa a agogon Kano ga yadda yake. A farkon Oktoba yana fitowa wajen ƙarfe 10 na dare, ya kai tsakar ka da misalin 4:20 na asuba. A farkon Nuwamba fitowar ta dawo ƙarfe 8. A farkon Disamba yana fitowa daidai faɗuwar rana, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan 12 na dare, ya faɗi da wayewar gari, wato ana ganinsa dare guda cur. Ranar 1 ga Janairu yana tsakar ka da 10:20, tsakiyar Janairu da 9:25, farkon Fabrairu da 8:15. Ba sai an haddace waɗannan ba: kowace rana yana riga jiya da minti 4 ba kaɗan, wato awa 2 a wata. Wanda ke Sakkwato ko Yamai ya ƙara mintuna a kan na Kano, na Maiduguri ya rage. Zuwa tsakiyar Mayu ya nutse cikin jan magariba. Rana tana wucewa ta gefensa a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, sai kuma a kwanakin ƙarshe na Yuni ya sake ɓullowa a gabas kafin alfijir ya yi ƙarfi.

Nisan, da dalilin saɓanin littattafai

Wani littafi zai ce shekarar haske 65, wani ya ce 67. Duk daga tushe ɗaya suka fito. Ana auna nisan tauraro na kusa ta hanyar duba yadda yake ɗan gusawa a kan na bayansa yayin da duniya ke zagaya rana. Gusawar Dabaran kusan 0.05 ce ta daƙiƙar kusurwa, ita kuma daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri guda. Kumbon Hipparcos na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a 1989, shi ya auna ta. Sakamakon 1997 ya ba da 0.0501, da aka sake tace bayanan a 2007 sai aka sami 0.0489. Ana raba 3.26 da wannan adadi a sami nisa a shekarun haske: na farko ya ba da 65, na biyu 66.7. Shekarar haske ɗaya kilomita tiriliyan 9.46 ce, don haka muna maganar abin da ya haura kilomita tiriliyan 600.

Ba a tsaye yake ba. Yana nisantar mu da gudun kilomita 54 a daƙiƙa, kuma yana zamewa a fuskar sama da 0.2 na daƙiƙar kusurwa a shekara, galibi wajen kudu. Da wannan tafiya zai ɗauki shekara 9,000 kafin ya ratsa faɗin wata. Yana cikin taurari ukun da Edmond Halley ya kawo a 1718, tare da Shi'ira da Arcturus, lokacin da ya kwatanta mazauninsu da abin da Girkawan da suka rubuta, ya nuna cewa taurari ma suna motsi.

Abin da launin yake faɗi

A idon mutane ja alamar zafi ce, amma a taurari abin a juye yake. Mai ruwan bula shi ne mafi zafi, sai fari, sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, ja ne a ƙarshe. Zafin fuskar Dabaran kimanin 3,900 ne a ma'aunin Kelbin, wato wajen digiri 3,600 a ma'aunin Salsiyas. Na rana 5,772 ne a Kelbin. A rabe-raben masana yana ajin K5, rukuni na III, ma'ana ƙaton tauraro mai ruwan goro da ke bakin iyakar jajaye.

Akwai ƙa'ida mai sauƙi: a raba 2,898,000 da zafin a Kelbin, sai a sami tsawon zangon hasken da abin ya fi fitarwa, a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Na rana ya fito kusan 500, tsakiyar abin da ido ke gani. Na Dabaran ya fito wajen 740, can ƙarshen ja, inda ido ya fara gazawa. Ke nan kaso mai yawa na ƙarfinsa yana fita ne a hasken da ke bayan ja, wanda fata take ji a matsayin ɗumi amma ido ba ya gani. Wannan ne ya sa ake cin karo da adadi biyu masu nisa da juna. In ana maganar hasken da ido ke gani, ya fi rana sau 150 ko sama da haka kaɗan. In an haɗa da wanda ba a gani, ya fi ta sau 400 da ɗoriya. Duk biyun daidai ne, abin da ake aunawa ne ya bambanta.

Kada kuma a ɗauka launin nasa mai kauri ne. Zaren tsohon ƙwan lantarki yana ci ne a wajen Kelbin 2,700, ƙasa da Dabaran da fiye da 1,000, kuma ba wanda yake kiran haskensa ja. Launin Dabaran na gaskiya ruwan goro ne mai haske-haske. Abin da ke fito da shi fili shi ne duhun da ke kewaye da shi da fararen taurarin da ke maƙwabtaka da shi.

A cikin hasken nasa ne William Huggins da William Miller suka gano alamun ƙarfe da sodiyam da kalsiyam da magniziyam a 1864, a Ingila. Saboda sanyin fuskarsa, har wasu sinadarai masu haɗe da juna suna iya zama a samansa ba tare da zafi ya wargaza su ba.

Girma

Tauraron da ya fi rana sanyi amma ya fi ta haske sau ɗaruruwa, dole faɗi ne ya rama masa. Kowane murabba'in mita na fuskarsa yana fitar da haske gwargwadon zafinsa in an ninka shi da kansa sau huɗu. A raba 3,900 da 5,772 a sami 0.676, a ninka shi da kansa sau huɗu a sami 0.21. Wato kowane yanki na fuskarsa kashi ɗaya cikin biyar kawai yake bayarwa na abin da irinsa a rana ke bayarwa. In faɗinsa ya ninka na rana sau 45, fuskarsa ta ninka tata sau 2,025, kuma 2,025 sau 0.21 ya ba da kusan 425. Lissafin ya hau.

Shi wannan 45 ɗin ba ƙiyasi ba ne, an auna shi kai tsaye. Faɗin Dabaran a fuskar sama kusan 0.0206 ne na daƙiƙar kusurwa, kwatankwacin maɓallin riga mai faɗin santimita 2 da aka ajiye a Kaduna ana hangensa daga Kano. An samo wannan ta haɗa hasken madubai masu tazara da juna, da kuma auna tsawon lokacin da gefen wata ke ɗauka kafin ya rufe shi. In aka haɗa kusurwar da nisan, faɗinsa ya kai kilomita miliyan 62 zuwa 63. Da za a ajiye shi a gurbin rana, gefensa zai wuce rabin hanyar zuwa Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, kuma daga nan duniya zai cinye digiri 24 na sama, inda rana take cin rabin digiri.

Nauyinsa kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka dubi wannan girma: ya ɗara na rana da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon ƙiyasin da aka fi amfani da shi. Cikinsa zai ɗauki rana 90,000, amma abin da ke ciki rana ɗaya ce da 'yan kai. In aka baje nauyin daidai ko'ina, kowane akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi zai zo da giram 18, alhali iskar da muke shaƙa tana da giram 1,200. Ba haka yake a baje ba, tabbas. Kaso mai tsoka yana dunƙule a wata 'yar ƙwaya ta hiliyam a tsakiya, sauran jikin kuwa iska ce sakayau.

Dalilin kumburin tsufa ne. Shekarunsa sun haura biliyan 6, kuma haidirojin da ke tsakiyarsa ya ƙare. Ƙwayar hiliyam da ta rage tana matsewa tana ƙara zafi, haidirojin da ke zagaye da ita yana ci da sauri fiye da da, ƙarfin da ke fitowa ya tura saman tauraron waje, saman kuma da ya baje sai ya huce. Idan tsakiyar ta kai Kelbin miliyan 100, hiliyam zai kama ci. Ba zai fashe ba, don fashewa sai tauraron da ya ninka rana a nauyi sau 8 ko fiye. Zai zubar da samansa ne a hankali, ya bar ƙaramin farin tauraro mai girman duniya. Rana ma hanyar da za ta bi ke nan bayan shekara biliyan 5.

An daɗe ana muhawara kan ko yana da duniyar da ke zagaya shi. Artie Hatzes da William Cochran sun lura a 1993 cewa gudunsa yana hawa da sauka a kai a kai, a 2015 kuma aka sanar da wata duniya mai nauyin Mushtari (babbar duniyoyin da ke zagaya rana) sau 6 da wani abu, mai zagaye a kwana 629. Binciken 2019 ya raunana wannan magana, don manyan taurari irinsa suna numfasawa da kansu, kuma numfashin yana iya kwaikwayon jan wata duniya. A ganina duk shafin da ya kawo ta a matsayin tabbatacciya ya yi gaggawa.

Inda ake yin kuskure wajen kallo

Darajar haskensa 0.86 ce a ma'aunin da ƙaramin adadi ke nufin haske mai yawa, inda kowane mataki ɗaya yake ninki 2.5. Yana ɗan sauyawa tsakanin 0.75 da 0.95 ba bisa wani tsari ba, amma ido ba ya kama wannan. Wanda ya ce ya ga Dabaran ya dusashe a daren jiya, iska ya gani. Rana da kanta, in aka kai ta nisansa, za ta koma daraja 6.4, wadda sai mai kaifin ido a daji mai duhu zai yi ta lalube.

Tsayinsa a sama shi ne kan gaba. A tsakar ka haskensa yana ratsa kaurin iska ɗaya. A digiri 30 yana ratsa ninki biyu, a digiri 10 ninki biyar da rabi. Ko sama tana garau, wannan yana cinye masa fiye da daraja ɗaya, kuma ruwan bulan da ke cikin hasken ne ya fi salwanta, sai ya koma ja wur yana ƙyalƙyali da launuka iri-iri. Mai son ganin launinsa na ainihi ya bari sai ya haura digiri 45, wato kamar awa 3 bayan fitowarsa.

Sai hazo. Watannin da Dabaran ya fi kyawun gani su ne na hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙwayoyin wannan ƙura manya ne, saboda haka sun fi dusashe haske fiye da rina shi, shi ya sa ake ganin rana fara sol a ranar hazo mai kauri. Hayaƙin ƙona daji da na shara shi ne mai jajanta shi. A daren hazo Dabaran yana tsira a tsakar ka, amma ƙananan taurarin Hayadis suna ɓacewa, surar V ta tafi, daga nan ne ruɗani ke farawa. Darare mafi kyau su ne na ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ya wanke sama kuma ƙura ba ta sauko ba, ko da yake sai an yi haƙurin jira zuwa tsakar dare.

Abubuwa uku ake ɗauka a madadinsa. Betelgeuse, a kafaɗar Jauza'u, ya fi shi ja kuma yawanci ya ɗan fi shi haske, amma yana arewa maso gabas da taurari ukun nan da digiri 10 kacal, ba a kan layinsu ba. Pollux ma ruwan goro ne, sai dai ya fi shi fari, yana can gabas tare da abokinsa Castor. Na ukun shi ne Mirrihi, ɗaya daga duniyoyin da ke zagaya rana, wanda yakan ratsa wannan yanki kusan duk bayan shekara biyu. Shi haskensa a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar tauraro, kuma in ka sa masa ido mako ɗaya ko biyu za ka ga ya sauya wuri.

Kayan aikin da ya dace da shi madubin hangen nesa ne mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, wanda ke nuna digiri 6 zuwa 7, daidai yadda Hayadis za ta shige gaba ɗaya. Babban madubi ba ya ƙara komai a nan, ɗigo ne zai nuna komai ƙarfinsa, ya kuma yanke maƙwabtan. Da yake tauraron yana hawa tsakar ka, a kwanta rigingine a kan tabarma a dafe gwiwar hannu a ƙirji, in ba haka ba wuya zai gaji, hannu ya yi ta rawa. Dabarar fito da launi ita ce a ɗan murɗa madubin har ɗigon ya baje ya zama ƙaramin faifai. Ƙwayoyin ido masu gane launi sun fi aiki a kan abu mai faɗi. A tsakiyar ƙafar V da Dabaran yake kai akwai tagwayen taurari masu suna Theta, ɗaya fari ɗaya ruwan goro, kuma su ne wurin gwada ido mafi kyau.

Masu ɗaukar hoto da waya kan yi ƙorafin ya fito fari. Hasken ne ya cika ma'aunin kyamarar, ja da kore da bula duk suka kai maƙura. A kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, a shiga tsarin saitin hannu, a sa ISO 400 zuwa 800, buɗewa daƙiƙa 2 zuwa 4, daidaiton fari a kan 5,000 zuwa 5,500, sannan a ɗan kauce wa saitin nesa don ɗigon ya baje. In aka bar daidaiton fari a hannun wayar, za ta gyara launin da kanta ta goge abin da ake nema.

Dabaran yana kudu da hanyar rana da digiri 5 da rabi, hanyar wata kuma tana karkace da tata da digiri 5 da ɗan kai, karkatar tana juyawa a shekara 18.6. Don haka akwai shekarun da wata ke bi ta kansa ya rufe shi duk wata, akwai kuma waɗanda yake wucewa can nesa. An rubuta irin wannan rufewa a birnin Atina tun shekara ta 509. Jerin baya-bayan nan ya fara a Janairun 2015 ya ƙare a Satumban 2018, na gaba zai fara a 2033. Wata yana tafiyar kusan rabin daƙiƙar kusurwa a kowace daƙiƙa, saboda haka yana shafe faɗin tauraron cikin kashi 4 cikin ɗari na daƙiƙa, ido ya ga kamar an kashe fitila. A tsakiyar shekarun 2020 watan yana bi ta arewacinsa ne da kusan digiri 10, kuma Kaza da 'Ya'yanta yake rufewa, jerin da ya fara a 2023 zai kai 2029.